Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha Ga Samarinmu Masu Sha'awar Kaki

Ƙannena samari na Kankiya da Kusada, da 'yan uwanku na Ingawa da kewaye,

Idan aka buɗe ɗaukar kuratan soja, ba sai an yi shela ba, bakin titi kaɗai ya isa ya gaya maka. Tun gari bai gama wayewa ba za ka ga samari a gefen hanyar Kano zuwa Katsina suna sassarfa, wani da takalmin ƙwallo, wani da silifa, ana haki ana zolayar juna. Tun daga Yashe har Kankiya ba ka rasa su. Da hantsi kuma sai ka tarar da su cunkushe a shagunan kwamfuta, kowa da ambulan a hammata, ana cike fom. Abin yana burge ni ƙwarai. A wannan zamani da ɓarayin daji suka hana manomi sakat, suka raba makiyayi da shanunsa, duk yaron da ya ce zai sa kaki ya tsare mutanensa ya cancanci a sa masa albarka.

Sai dai akwai abin da na gani da idona a ɗaya daga cikin shagunan nan, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na je buga wata takarda, na tarar ana cike wa wani saurayi fom. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, irin wanda in zai ɗauki buhun masara ba ya neman a ɗora masa. Sakamakon jarrabawarsa na kan tebur, kiredit reras, har da Turanci da lissafi. Da mai shagon ya gama, sai ya juyo masa da fuskar kwamfutar ya ce, "To, karanta ka tabbatar komai daidai ne kafin in tura, don in ya tafi ba gyara." Yaron ya sunkuya ya ƙura wa gilashin ido, leɓɓansa na motsi ba sauti. Can ya miƙe yana murmushin yaƙe ya ce, "Ai kai ne gwani, tura kawai." Na ga ya share gumi alhali fanka na kaɗawa. Layi biyar na Turanci, ciki har da sunan garinsu, su suka gagare shi, ga kuma takarda a gabansa tana shaidar ya ci Turanci.

Ban yi masa dariya ba, kuma ban rubuta wannan don a yi masa ba. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai wanda ya rubuta masa amsa a allo ranar jarrabawa, akwai wanda ya biya kuɗin, akwai wanda ya kau da kai. Abin da ya tsaya mini a rai guda ne: wannan takarda tana iya kai shi ƙofar bariki, amma ranar da aka buɗe wuta ba za ta karanta masa ko harafi ɗaya ba.

Na san abin da wasunku za su ce: "Kakanninmu da suka yi yaƙin Hitila, wace makaranta suka yi?" Tambaya ce mai kyau, bari mu bi ta daki-daki.

Gaskiya ne aikin soja a ƙasar nan da Hausa ya fara. Rundunar sojan Nijeriya tana lissafin asalinta daga 1863, lokacin da wani Bature mai suna Glover ya tara wasu 'yan tsirarun Hausawa a Ikko ya ba su bindiga. Shekaru da yawa bayan haka Hausa ce harshen bariki, har Turawan hafsoshi sai sun zauna jarrabawar Hausa. Abin da ake nema wurin kurtu a lokacin bai wuce ƙirji da ƙafa da biyayya ba. In ya iya fareti, ya iya saiti, ya iya dangwala yatsa ranar albashi, magana ta ƙare.

Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, shi ya sauya lissafin. Aka kwashi mutanenmu aka kai su Habasha da Somaliya, daga baya aka tura runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma zuwa ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar, ba Bama ta Borno ba, suka gwabza da Japanawa a cikin ƙungurmin daji. Har yau sunayen wuraren da suka zubar da jini suna kan barikokinmu: Dalet a Kaduna, Dodan da Myohaung a Legas. A 1944, shekarar da aka naɗa shi, Sarkin Katsina Usman Nagogo ya tafi har can ya gai da su. Jarumtarsu ba abin musu ba ce. To amma yaƙin ya zo da mota da rediyo da igwa da asibitin tafi-da-gidanka, su kuwa waɗannan sai da direba, da makaniki, da mai aika saƙo, da akawu, da malamin asibiti. Duk sai wanda ya iya karatu, galibi kuma da Turanci. Sai aikin ya rabu biyu. Waɗanda suka yi boko, akasarinsu 'yan Kudu, suka samu waɗannan sana'o'i da ƙarin albashinsu. Namu kuwa mafi yawansu suna sahun gaba da bindiga, wasu ma dako suka yi, suna ɗaukar harsashi da abinci a ka ta hanyoyin da mota ba ta bi. Da aka gama yaƙi, mai sana'a ya dawo gida da abin yi a hannu, mai dako ya dawo da lambar yabo da ciwon wuya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ina yaro akwai wani tsoho a unguwarmu, cikin mazan jiya, wanda ya yi yaƙin Bama. Mu yara labarin harbi muke so, shi kuwa labarin wasiƙa yake maimaita mana. Ya ce wasiƙa ta zo masa daga gida, ya yi kwana uku tana aljihunsa, gumi ya jiƙa ta, yana shafa ta yana jiran wani akawun soja ya samu sukunin karanta masa. Da aka karanta, ashe rasuwar mahaifiyarsa ce, haɗe da wata maganar gado da bai so kowa ya ji ba. A bakin baƙo ya ji, a gaban mutane. Ya ce a daren nan ya yi rantsuwa. Ya sami wani kofur yana ba shi sigarinsa na rabo, shi kuma yana zana masa baƙaƙe da tsinke a ƙasa. Sa'ad da na san shi, shi ne mai karanta wa dattawa Gaskiya Ta Fi Kwabo a zaure, jaridar nan da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda Malam Abubakar Imam ya yi wa edita. Don haka in kuna kafa hujja da kakanninku, ku sani su da kansu sun ɗanɗana kuɗar rashin karatu, kuma ba su so wa jikokinsu ita ba.

Wannan darasi ba mu kaɗai aka koya wa ba. Amurka da kanta, a 1941, ta kafa doka cewa ba za ta ɗauki wanda karatunsa bai kai na ɗan aji huɗu na firamare ba. Da yaƙi ya yi zafi, mutane suka yi ƙaranci, sai ta sassauta a 1942, amma ba ta tura su fagen fama haka nan ba. Ta buɗe musu azuzuwa a cikin bariki, inda mutum zai yi kimanin wata uku yana koyon karatu da rubutu da ƙidaya kafin a ci gaba da horar da shi. Sojoji fiye da 300,000 suka bi ta waɗannan azuzuwa, fiye da 250,000 suka fita da nasara. Ku duba fa, ƙasa tana tsakiyar yaƙi, tana neman kowane mai jini a jika, amma ta ga gara ta zaunar da ƙato a benci da fensir tukuna.

Da suka manta da wannan darasi kuwa, sun ga ba daɗi. A 1966, lokacin yaƙin Biyetnam, sakataren tsaronsu Robert McNamara ya saukar da ma'aunin jarrabawar shiga soja don a cike gurabe. Daga nan zuwa 1971 aka ɗauki samari fiye da 300,000 ta wannan ƙofa, da yawansu karatu na yi musu wuya, akasari kuma 'ya'yan talakawa. Masu binciken da suka bi diddigi sun gano cewa mutuwa ta fi yawa a cikinsu nesa ba kusa ba in aka gwada da sauran sojoji. Wanda ya sassauta musu jarrabawa bai iya sassauta musu harsashi ba.

Rasha kuwa tun a 1919 ta kafa dokar tilasta wa duk wanda bai iya karatu ba, daga ɗan shekara 8 zuwa 50, ya koya, barikin soja ma ya zama makaranta. Da Jamus ta afka mata a 1941, cikin direbobin tarakta na gonakin gwamnati aka riƙa tsamo masu tuƙa tankokinta, saboda sun san inji, sun kuma iya karanta littafinsa.

Tunda mun zo kan tanka, bari in shigar da ku cikinta, don na san da yawanku ita ce burinku. Daga waje dodo ce, ƙarfe na kusan tan 40 ko fiye, tana tafe ƙasa na girgiza. Daga ciki kuwa wani ɗan ƙuƙumin ɗaki ne mai zafi da ƙara da warin gas, ba ka ganin waje sai ta 'yan madubai. Tsofaffi irin T-55 da Vickers mutum huɗu suke ɗauka: kwamanda, direba, mai harbi, da mai ɗura harsashi. T-72 da sojanmu ke amfani da ita, da VT-4 da aka kawo daga ƙasar Sin a 2020, mutum uku ne, don inji ke ɗura harsashin. Ku lura da wanda aka sallama: mai aikin damtse. Ukun da suka rage kowannensu da ido da ƙwaƙwalwa yake aiki. Direba na kishingiɗe a gaba, allurai a gefensa, wannan na zafin inji, wannan na ƙarfin man inji, wannan na batir. In allura ta haura inda aka ce kada ta haura bai gane ba, injin ya buga, tanka ta zama tukunyar ƙarfe a tsakiyar abokan gaba. Mai harbi na'ura ce ke ba shi nisa da lamba, shi zai zaɓi irin harsashin da ya dace, kowane iri da alamarsa a rubuce. Kwamanda taswira na cinyarsa, rediyo na kunnensa. In an dawo sansani kuma akwai littafin da ake rubuta awowin da inji ya yi, da ranar da aka canja mai, da abin da ya lalace. Shi ya sa makarantar sojojin sulke ta Bauchi ba filin tuƙi kaɗai gare ta ba, akwai aji da allo da jarrabawa.

Ga misali ɗaya da nake so ku riƙe. Taswirar soja layi-layi ce, kowane wuri da lambarsa. In lambar mai alƙaluma shida ce, ukun farko na nuna gabas, ukun ƙarshe na nuna arewa, kowane ɗaya kuma daidai yake da mita 100 a ƙasa. A ce ana ruwan wuta, aka faɗo maka ta oba-oba cewa 482, kai kuwa hannunka bai saba da alƙalami ba ka rubuta 428. Alƙaluman su ne dai, wuri kawai biyu suka musanya, amma ka kauce da mita 5,400. Inda harsashin igwa zai sauka, wataƙila kasuwa ce, wataƙila rugar bayin Allah, wataƙila 'yan uwanka sojoji da kuka ci abinci kwano ɗaya da safe. A ranar babu mai shagon kwamfuta da za ka ce wa "tura kawai."

Ku 'yan Kankiya ma ba sai an kai ku Amurka ko Rasha neman abin koyi ba. Janar Hassan Usman Katsina, Ciroman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo, a makarantar elamantare ta Kankiya ya fara karatun boko. Daga nan ya wuce Midil ta Katsina, sai Barewa, ya shiga soja a 1956, aka horar da shi a Sandhurst ta Ingila. A farkon 1966 shi ke riƙe da rundunar motocin sulke ta Kaduna. A shekarar ya zama gwamnan soja na Jihar Arewa, a 1968 kuma, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya zama shugaban hafsoshin sojan ƙasa. Wani zai ce ai ɗan sarki ne. Haka ne, amma Turawan Sandhurst ba rawanin ubansa suka yi wa jarrabawa ba. Hanyar da ta kai shi kan motar sulke, daga bencin aji a garinku ta taso.

Manyanmu na farko sun ga wannan giɓi tun da wuri. A shekarun 1950 aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a Arewa, Malam Ahmadu Kumasi, mutumin Katsina, yana cikin jagororinsa. Ku ji sunan da aka ba shirin: yaƙi. Da aka sami mulkin kai kuma sai aka tarar kuratan Arewa sun cika bariki amma hafsoshinta 'yan ƙalilan ne, saboda hafsa sai da karatu. A zamanin Muhammadu Ribaɗu yana ministan tsaro, a 1961, aka ware wa Arewa rabin guraben hafsoshi, su Ibrahim Tako Galadiman Bida suka riƙa bin makarantun sakandare suna kwaɗaita wa ɗalibai aikin soja. Makarantu suka bi, ba dandalin dambe ba. Har gobe kowace jiha da kasonta a ɗaukar soja, Katsina ma da nata. Gurbi ana ba da shi ta kaso, amma ba a taɓa raba karatu ta kaso ba, kowa shi ke nemar wa kansa.

Yau in kana son shiga Defo ta Zariya, inda ake horar da kurata tun 1924, sai ka nuna takardar gama sakandare ta WAEC ko NECO ko NABTEB, da cin darussan da aka ƙayyade har da Turanci, ban da gwajin tsawo da lafiya da gudu. In hafsa kake so, makarantar NDA ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, digiri ake yi a cikinta. Bayan an shiga ma ba a rabu da biro ba. Daga farabiti zuwa kofur, zuwa saje, zuwa samanja, akwai kwas da jarrabawa a hanya, karatun taswira na ciki. Mai takardar saye in ya tsallake ƙofar farko, ta biyu na jiransa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

To, me nake so ku yi?

Da farko kowa ya gwada kansa a ɓoye, tsakaninsa da Allah. Ɗauki takardar da ke cikin kwalin magani, ko shafi guda na jarida, ka karanta da ƙarfi, sannan ka rufe ka faɗi abin da ta ce. Ka sa ƙaninka ya faɗo maka lambobin waya biyar da sauri, ka rubuta, ku duba. In ka ga akwai gyara, ka gode wa Allah da ka gano a ɗakinku, ba a daji ba.

Sannan yadda kuke ware asuba don gudu, ku ware bayan magariba ko isha'i don karatu. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku sami malamin firamare ko ɗalibin makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, ku roƙe shi awa ɗaya kullum. Ku fara da Hausa in Turanci ya yi nauyi, don wanda ya iya karanta harshensa da kyau rabin aikin ya ƙare. Wayar da ke hannunku, wadda kuke aika saƙon murya da ita don gudun rubutu, ku tilasta wa kanku rubutawa. Lissafi kuma ku kama tarawa da ɗebewa da sau da rabawa, da mita da kilomita, har su zauna daram. Wata uku aka ba sojan Amurka ana tsakiyar yaƙi. Ku kuna gida, kuna cin tuwon iyayenku.

Ku da ke aji har yanzu, ranar jarrabawa in aka ce a kawo kuɗin "taimako," ku tuna da yaron shagon nan. Faɗuwa ta gaskiya ana gyara ta baɗi. Cin ƙarya kuwa yana bin mutum har ranar da zai kunyata shi, ko ya halaka shi tare da wasu.

Ku kuma 'yan uwana na makarantar allo, kada wani ya kira ku jahilai ku yarda. Wanda ya wanke allo ya rubuta, ya haddace, ya iya ajami, ya riga ya san sirrin harafi, baƙaƙen boko 'yan kwanaki za su ɗauke shi. Ku ƙara boko a kan abin da kuke da shi, ku zauna jarrabawa, gemu ba ya hana ilimi. Kun fi ni sanin abin da ya faru bayan yaƙin Badar, lokacin da aka sanya fansar wasu kamammu ta zama koya wa yaran Madina goma-goma rubutu. Al'umma tana cikin yaƙi, tana bukatar dukiya, amma aka karɓi alƙalami a madadin kuɗi. Nan ƙasarmu ma, waɗanda Shehu Usmanu ya ba tuta, irin su Malam Ummarun Dallaje, malamai ne kafin su zama mayaƙa.

Ƙannena mata, wannan magana har da ku. Ana ɗaukar mata a soja, a asibiti da ofis da sashen sadarwa da sauransu, sharaɗin karatun kuma ɗaya ne. Wadda ba ta sha'awar kaki ma, gobe ita ce uwar da za ta duba littafin ɗanta ta gane ko yana karatu ko zaman benci yake yi.

Iyaye kuma, in za ku sayar da tunkiya saboda jarrabawar yaro, ku biya wa malamin da zai koya masa, kada ku biya wa wanda zai rubuta masa.

Ban san inda yaron nan na shagon kwamfuta yake yanzu ba, amma ina yi masa addu'a, kuma in wannan takarda ta iso hannun abokinsa, ya karanta masa ita a keɓe, ya ce masa bai makara ba. Ku kuwa da za ku fita gudu gobe da asuba, ku yi gudunku, Allah ya ƙara ƙarfi. In kun dawo kun yi wanka, ku ɗauki littafi. Allah ya tsare ku, ya tsare garuruwanmu da ku, ya ba mu zaman lafiya.